Gidan haya a Gombe: in sayar ne ko in ci gaba da haƙuri?

Hamma_Tumfure:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka daɗe a harkar gidan haya a garin nan. Ina da gida a Tumfure, ciki da falo guda shida, kowanne da banɗakinsa da ɗan kicin, na fara ginin a 2018 na gama ƙarshen 2019, fili da gini duka sun ci min wajen miliyan 11 a lokacin, kuma Allah ya sani ba kuɗin banza ba ne don har shanun da na gada wajen mahaifinmu na sayar na zuba a ciki. Yanzu kowane ɓangare dubu 200 ne a shekara, a takarda miliyan 1 da dubu 200 ke nan. To amma bara mutum huɗu ne kawai suka biya, biyu har yau sai gobe sai jibi, ɗaya ma ya shiga shekara ta biyu. A cikin dubu 800 ɗin da ta shigo na kwashe sokawe sau biyu dubu 70, gyaran kwano da silin dubu 130, fentin ɗakin da wani ya tashi dubu 60, ga bashin wuta da ya gudu ya bari dubu 85. Abin da ya rage a hannuna dubu 455. Satin da ya wuce wani dillali ya kawo min mai saye miliyan 25. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. In sayar in juya kuɗin a kasuwar hatsi ta Tudun Hatsi ko in sayi shanu, ko kuwa in riƙe? Wlh na gaji da bin mutane kamar ni ne mai roƙo.

Abu_Sadiq_Bolari:
Wa alaikumus salam. Kar ka sayar Hamma. Ƙasa ba ta ruɓewa.

Akanta_BCGA:
Ƙasa ba ta ruɓewa amma gini yana ruɓewa ai Malam Abu Sadiq, kuma shi tambayarsa a kan gini ce. Bari mu yi lissafin a fili. In kowa ya biya, miliyan 1.2 a kan dukiyar miliyan 25 bai kai kashi 5 cikin 100 ba. In ka cire ɗawainiyar da ya lissafa ya dawo kashi 3 da ɗan wani abu. Abin da ya shiga aljihunsa bara kuwa ko kashi 2 bai cika ba. Sukuk ɗin farko, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 kashi 16.47 ya riƙa biya a shekara, ba sokawe ba rigimar ɗan haya. Saboda haka in maganar kuɗin shiga ce zalla, gidan haya a garin nan ba ya biya, gaskiya ke nan ko da ɗaci. Inda gida ke cin riba shi ne tashin darajarsa, daga 11 zuwa 25. Amma nan ma a yi hattara, a 2019 dala tana wajen naira 360, miliyan 11 ta haura dala dubu 30. Yau miliyan 25 ko kusa da haka ba ta kai ba a dala.

Birkila_Pantami:
Akanta lissafinka ya yi amma ka bar abu ɗaya a baya. Lokacin da Hamma ya yi gininsa buhun siminti bai kai dubu 3 ba, yanzu kuwa kowa ya san yana wajen dubu 10, duk da ga kamfanin siminti na Ashaka nan a bayan gidanmu. Rodi, kwano, katako, tayil, kuɗin lebura, ba wanda bai ninka ba. Ni aikina ke nan shekara 22, na rantse miliyan 25 ba za ta sayi fili a Tumfure ta tayar da ciki da falo shida har a sa makulli ba. Mai sayen nan ya san haka shi ya sa ya aiko dillali. In ma sayarwar ce wannan kuɗin ya yi kaɗan.

Akanta_BCGA:
Wannan na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Farashin da aka taya ya yi ƙasa.

Baba_Alhaji_Jekadafari:
Yaro bari in ba ka labarin kaina. Kafin a yanke Gombe daga Bauchi ran 1 ga Oktoba 1996 ina da filaye uku, biyu a wajen da ake ce wa daji a lokacin. Da aka ba mu jiha ma'aikata suka dawo daga Bauchi da iyalansu babu wajen zama, filaye suka motsa, sai na ga kamar na samu, na sayar da biyun na sayi mota da kayan shago. Motar ta mutu, shagon yara suka cinye. Na ukun da na gina ɗakuna takwas a kai shi ne yau nake ci a ciki, shi ya aurar min da 'ya'ya mata huɗu. Daga baya aka buɗe jami'ar jiha a 2004, ga asibitin tarayya, sannan rikicin Borno da Yobe ya koro mana jama'a masu yawa da suka zauna ba su koma ba. Garin nan kullum ƙaruwa yake. Kuɗi a hannu kuma ƙafa gare shi, ranar da aka ji ka karɓi miliyan 25 ranar za ka san yawan danginka.

Hamma_Tumfure:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya. Maganar dangin nan ta taɓa ni.

DanHaya_Arawa:
Ni ba ni da gida, ɗan haya ne shekara 11, ku yi haƙuri in sa baki tunda kullum in ana irin wannan hira mu ake zagi. Ba kowane ɗan haya ne macuci ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Keke Napep zuwa wajen aiki kaɗai ya cinye mana albashi, an ce mafi ƙarancin albashi dubu 70 a 2024, to dubu 70 buhun me za ta saya? Mai gidanmu bara ya ƙara mana daga dubu 150 zuwa dubu 250 lokaci guda, saura wata ɗaya kuɗinmu ya ƙare ya aiko ejan ya faɗa mana, kuma rufin ɗakina shekara biyu yana yoyo ina tara roba a kan gado. In ka kira shi ya ce yana Abuja. Irin wannan in mutum ya ja masa kuɗi sai a ce ɗan haya ba shi da amana. Hamma ina tambaya tsakani da Allah, gidanka akwai ruwa?

Hamma_Tumfure:
Babu bohol gaskiya. Tanki na ajiye musu, su suke haɗa kuɗi a kira tanka, in ba ta samu ba su saya wajen masu kura.

DanHaya_Arawa:
To ka gani. Mai iyali a irin gidan nan abin da yake kashewa a ruwa a shekara zai iya kamo rabin kuɗin hayar. Shi ya sa masu ɗan hali ba sa zama, suna samun gida mai ruwa za su tashi, sai a bar ka da waɗanda ba su da yadda za su yi.

Adda_MamanHanan:
Slm. Hamma ni mace ce kuma ba da son raina na shiga harkar nan ba, maigidana ne ya rasu ya bar mana gida mai ɓangare biyar a wajen Federal Low Cost, rabon marayu ne a ciki, dole na tsaya a kai. Shekarar farko kuka kawai nake yi, kowa ya raina ni, wani ma cewa ya yi shi da marigayi ya yi magana ba da ni ba. Abin da ya gyara min lamarin ba wani abu ba ne illa takarda da kuma zaɓen mutum tun a bakin ƙofa. Yanzu duk wanda zai shiga sai na san inda yake aiki ko sana'arsa, sai na aika ƙanena gidan da ya baro ya tambayi mai gidan da maƙwabta yadda suka rabu, kuma sai ya kawo mutum ɗaya da zai tsaya masa ya sa hannu. Muna rubuta ranar shiga da ranar fita, nawa ne, waye zai gyara me, mutum nawa za su zauna, a gaban shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi. Ina ɗaukar hoton ɗakin a waya ranar da na miƙa makulli. Sannan duk kuɗin da ya shigo kafin a taɓa ko sisi ina cire kashi 15 in ajiye daban na gyara, ko su yaran sun san wannan ba namu ba ne na gidan ne. Kuma in aka kira ni famfo ya lalace ba ya kwana uku. Na lura mutumin da kake yi wa gyara da wuri kunyar riƙe maka kuɗi yake ji. Shekara shida ke nan mutum ɗaya ne kawai muka rabu da shi ba daɗi. Gara ɗaki ya yi wata uku a rufe da in sa wanda ban sani ba, na gwada gaggawa na sha wuya.

Ummu_Sudais:
Adda Allah ya jiƙan maigida, ya raya marayu. Wallahi na ƙaru da ke.

Adda_MamanHanan:
Amin ya Allah, na gode ƙanwata.

Sarkin_Yaki99:
Duk wannan dogon turanci ne. Wanda ya shekara bai biya ba ka je da kafinta ka cire masa ƙofa da taga, in damina ce ka ɗaga kwano biyu, da ƙafarsa zai fita. Haka wani maƙwabcinmu ya yi kwana biyu aka ba shi makulli.

Lauya_Gombawa:
Dan Allah Hamma kar ka bi shawarar Sarkin Yaƙi. Cire ƙofa, yaye kwano, yanke wuta, sa kwado, watsa kaya waje, duk ɗaukar doka a hannu ne, kuma na ga masu gida da dama da suka shiga kotu suna bin bashi suka fito su ake bi diyya. Hanyar tana da tsawo amma a fili take. In ba ku rubuta wani wa'adi daban a yarjejeniya ba, mai biyan shekara-shekara notis ɗin wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata kuma wata ɗaya. In wa'adin ya cika bai fita ba sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana bakwai, cewa mai gida zai je kotu ya karɓi gidansa. Daga nan sai kotu, ita ce za ta ba da umarnin fitarwa kuma ma'aikatanta ne za su aiwatar, ba kai ba. A nan za ka nemi bashinka da kuɗin zaman da ya ƙara yi bayan wa'adi. Inda mutane ke faɗuwa shi ne kuskuren kwanan wata a notis, ko a kasa tabbatar da cewa takardar ta isa hannunsa, sai a ce a koma farko. Shi ya sa abin da Adda take yi ya fi, in takarda ta ce shekara ɗaya daga rana kaza zuwa rana kaza, ranar da ta cika hayar ta ƙare da kanta, ba sai an yi wata shida ana jira ba, ta kwana bakwai ɗin kawai za a bayar. Kana da rubutacciyar yarjejeniya da mutanen nan biyu?

Hamma_Tumfure:
Barista babu. Rasit kawai nake ba su. Kuma tunda an zo nan bari in faɗi abin da na ɓoye, wanda ya shiga shekara ta biyun nan ɗan yayar matata ne. Surukata ce da kanta ta kira ni ta ce a ba shi ya zauna zai riƙa biya. Ya biya shekarar farko, daga nan shiru. Kuma ba wai babu ba ne, yana aiki, kwanan nan ma ya canza mashin. Ɗayan kuwa tela ne, shi na san halin da yake ciki, matarsa ta yi doguwar jinya, yakan kawo dubu 10, dubu 20.

Abu_Sadiq_Bolari:
Tabɗi. Ashe ba gidan ne matsalar ba.

Kawu_Manu:
Ai da ka faɗi haka tun farko. Haya da dangi ba sa haɗuwa, bare dangin mata. Ni ƙa'idata in ɗan uwa ya zo neman ɗaki, in ina da hali in ba shi gudummawar dubu 30 ko 50 ya je ya kama a wani waje, mun rabu lafiya zumunci ya tsira. Amma ya shiga gidana a'a. Kuma kar ka kai wannan kotu, ko ka ci shari'a ka sha kunya a gida. Ka samu babban namiji a danginsu, kawunsa ko wan mahaifinsa, ku zauna, ka ce ka yafe rabin bashin in zai tashi nan da wata uku. Asarar dubu 200 ta fi sauƙi a kan abin da zai biyo baya.

Ummu_Sudais:
Kawu ni ban yarda a yafe masa ba. Mai canza mashin? Ai gobe ma wani zai yi wa. Kuma a tausaya wa matar Hamma, ita ce a tsakiya, ta yi magana a ce ta zaɓi miji a kan 'yan uwa, ta yi shiru miji ya ga kamar da saninta. Hamma kar ka sa ta a ciki ko kaɗan, maganar ta tsaya tsakanin maza.

Malam_Herwagana:
Bismillah. Mutanen nan biyu hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Shi tela yana cikin waɗanda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi magana a kansu, wanda ke cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi, in an yafe kuma ya fi alheri. Shi kuwa mai hali da yake ja, hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa jinkirin mawadaci wajen biyan bashi zalunci ne, kuma surukuta ba ta halatta masa. Neman haƙƙinka a wajensa ba yanke zumunci ba ne. Sai kuma tunatarwa ga masu gidaje gaba ɗaya tunda an taru, shi ginin da ake haya ba a fitar masa da zakka, kuɗin hayar ne in ya haɗu da sauran kuɗinka ya kai nisabi kuma ya shekara ake fitar da ɗaya cikin arba'in. Ga DanHaya kuma, ƙorafinka gaskiya ne, gyaran abin da zama ba ya yiwuwa sai da shi kamar rufi yana kan mai gida. Wallahu a'alam.

DanHaya_Arawa:
Allah ya saka da alheri Malam. Da ma a riƙa faɗar wannan a huɗuba.

Injiniya_Shongo:
In koma kan bashin wuta na dubu 85, wannan bai kamata ya sake faruwa ba. Ɗan haya kan tashi ya bar maka bashin wuta a gida. Maganinsa mita mai kati, kuma kowane ɓangare da tasa. In mita ɗaya ce ga mutum shida to ka sayi rigima, wannan yana da firiza, wancan matarsa tana girki da hita, mai fanka ɗaya ya ce ba zai biya daidai da su ba. In ba za ka iya shida a lokaci guda ba akwai ƙananan mitoci da ake sa wa kowane ɗaki a bayan babbar, kowa a ga abin da ya sha. Batun bohol kuma kar ka yi gaggawa, wasu unguwannin Gombe ruwa yana da nisa sosai, ba kamar Bauchi ko Dadin Kowa ba, akwai inda za a yi ta haƙa a kashe miliyoyi a tashi da ɗan tsiyaye. Ka fara tambayar masu bohol a layinku mita nawa suka yi, kuma a yi awon ƙasa kafin a kawo mota. In da maƙwabci mai bohol mai ƙarfi wani lokaci ya fi sauƙi ku yi yarjejeniya a ja maka bututu kana biya duk wata.

Birkila_Pantami:
Sokawe sau biyu a shekara ma akwai magana. Gida shida bai kamata ya cika haka ba sai dai in ramin ƙarami ne ko an haɗa ruwan wanka da wanki a ciki. A raba su, ruwan wanka ya samu nasa rami. Aikin bai fi kuɗin kwashewa na shekara biyu ba ka huta. Kuma kafin damina a hau sama a duba ƙusoshi, dubu 130 ɗin nan da an duba a watan Afrilu da dubu 20 za ta tsaya.

Dan_Kashere:
Ni shawarata ya juya gidan ya koma na ɗalibai ko 'yan bautar ƙasa. Ina da ɗakuna goma a Kashere tun bayan da aka buɗe jami'ar tarayya a 2011, ɗalibi iyayensa ke biya kuma gaba ɗaya, ya gama ya tafi, ba mata ba yara ba surukai.

Yelwa_Boy:
Dan Kashere faɗi ɗaya ɓangaren mana. Ni a Bauchi nake, muna da ɗakuna a Yelwa kusa da jami'ar ATBU da kuma Gwallameji wajen Poly. Yajin aikin malaman jami'a na 2022 wata takwas aka yi, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga na 2020 da ya haɗu da korona. Yara suka kulle ɗakuna da kayansu a ciki suka tafi, da aka dawo suka ce ba za su biya watannin da ba su zauna ba, kai kuma ba ka iya ba wani ba. Ga ɓarna, ɗaki ɗaya ka ba mutum biyu ka zo ka tarar da shida, duk shekara sai fenti da ƙofar banɗaki. Akwai kuɗi amma sai kana kusa. Kuma Tumfure ba unguwar ɗalibai ba ce, wa zai baro Tudun Wada ko Malam Inna da ke kusa da jami'a ya tafi can yana biyan Napep biyu?

Dan_Kashere:
Na 2022 kam mun ji jiki, ba ƙarya.

Zainab_Nurse:
Tunda an taɓo zaɓen ɗan haya ina da ƙorafi. Na zo Gombe aiki, albashina yana shiga duk wata, amma sai da na yi wata biyu ina yawo, ko'ina a ce ba a ba mace marar aure. Sai da yayana ya taso daga Kaltungo ya tsaya aka ba ni. Yau shekara huɗu ban taɓa ƙetare rana ba, masu auren da ake fifitawa kuwa biyu an kai su gaban mai unguwa a kan kuɗi. Ku riƙa duba mutum da halinsa dan Allah. Kuma masu gida ku riƙa ba da rasit na gaske, sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta ba mai biyan haya sassaucin kashi 20 na kuɗin hayarsa, iyaka dubu 500, ba za mu samu ba sai da shaida.

Adda_MamanHanan:
Zainab biyu daga cikin nawa ma'aikatan jinya ne mata, su ne ma suka fi kowa tsafta da cika alkawari. Ni dai sharaɗina wanda zai tsaya miki, namiji ma haka nake masa.

Ejan_Nagari:
Kowa ya zo sai ya taka ejan ya wuce. Eh akwai ɓatagari a cikinmu, masu karɓar kuɗin mutum biyu a ɗaki ɗaya, masu ƙara kuɗi mai gida bai sani ba. Amma matsalar Hamma ai rashin ɗan tsakiya ne. Da a hannun ejan gidan yake, surukarsa ta kira sai ya ce Hajiya gidan ba ya hannuna, shi ke nan an wuce wajen. Kashi 10 da muke karɓa kuɗin ɗaukar baƙin jini ne. Sai dai ka nemi mai ofis wanda aka san shi, kuɗi kuma ya shiga asusunka kai tsaye kai ka cire masa nasa, kar ya bi ta hannunsa.

Kawu_Manu:
Wannan ta ƙarshen ita ce magana. Nawa ejan sai da ya ci kuɗin shekara na mutum uku yana ce min ba su biya ba.

Mai_Hatsi_Gombe:
Hamma na ga ka ambaci Tudun Hatsi, a nan nake tun ina yaro. In ba sana'arka ba ce kar ka shigo da kuɗin gida. Waɗanda suka ga ribar da aka ci a 2023 da 2024 suka sayar da kadara suka tara masara, da farashi ya karye a 2025 wasu ko uwar kuɗin ba su fitar ba, ga kuɗin sito ga magani ga ƙwari. Mu da muke ciki in mun samu riba gida muke saya da ita mu ɓoye. Kai kuma kana so ka fito daga inda muke gudu mu shiga.

Akanta_BCGA:
Ni fa har yanzu ina kan bakana cewa kashi 3 ba kasuwanci ba ne, kar daɗin baki ya rufe lissafi. Amma na yarda ba a gwada gidan da kyau ba tukuna. In ya gyara ruwa da mita, ya sallami mutum ɗaya, ya kai kuɗin inda na unguwar yake a hankali, ya sanar da su tun wata shida kafin lokaci ba irin na mai gidan DanHaya ba, sai ya sake lissafi bayan shekara biyu. In bai haura ba a lokacin ya sayar da daraja, gida mai ruwa da 'yan haya masu biya ba kuɗinsu ɗaya da wannan ba.

Lauya_Gombawa:
Ko zai sayar ko ba zai sayar ba, wace takarda gare ka a kan filin? Da yawa a unguwannin bayan gari takardar cinikin da aka yi gaban jauro ko mai unguwa ce kawai. Tana da amfani a matsayin shaida amma ba ita ce C of O ba, wato takardar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar jiha a hannun gwamna, kuma a Gombe yanzu GOGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ce ke wannan aikin. Mai saye na gaske abin da zai fara tambaya ke nan, rashinta kuma na daga cikin abin da ke sa a taya gida da arha.

Hamma_Tumfure:
Ta jauro ce da ta wanda ya sayar min, ban taɓa zuwa GOGIS ba. Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci, na karanta kowanne har sau biyu. Dillalin ya sake kira da yamman nan ya ce an ƙara miliyan 1, na ce ya ba ni zuwa bayan sallah. Ban ce na fasa ba don har yanzu maganar Akanta tana cina, kuma gaskiya gajiyar da na yi ba ta lissafi ba ce kawai. Jibi in sha Allah zan je wajen bappan yaron nan, ɗan uwan mahaifinsa, a Kumo mu yi magana kamar yadda Kawu ya ce, amma rabin da za a yafe ɗin ne zuciyata ba ta kwanta da shi ba tukuna. Telan kuma zan ce ya riƙa kawo dubu 15 duk wata a rubuce. Adda in ba damuwa ki taimaka min da irin takardar da kike amfani da ita. Injiniya na tambayi maƙwabcina mai bohol, ya ce shi ma da rani nasa ja baya yake yi.

Injiniya_Shongo:
To kar ka ja daga nasa, rigima za ku yi a watan Maris. Tambayi mutum biyu ko uku a gaba da shi tukuna, ka ji zurfin kowa da irin injin da suka sa.

Sarkin_Yaki99:
Ni dai na faɗa, bappa ba zai fitar da shi ba. Za ku dawo kan maganata.

Adda_MamanHanan:
Ba damuwa Hamma, zan ɗauki hotonta in turo in yara sun dawo da wayar daga islamiyya. Amma ka ba Barista ya duba maka kafin ka buga, tawa tun 2020 aka rubuta ta kuma babu maganar mita a ciki, da biro nake ƙarawa a ƙasa.